Jiran Amsar Peculiar

Litinin, 6 ga Oktoba, da hantsi

Na sayi littafin nan don in riƙa rubuta sunayen magunguna, ga shi na fara da kaina. Yaya Miriyam ta ce gara in zuba wa takarda surutuna da in zuba mata a kunne tun da sassafe. Gaskiyarta. Ni Clara, ko a zumuntar mata ta Godogodo an san halina, in na ɗauko waƙa sai an ja mini zani kafin in sauke.

Muna Kafanchan yanzu, ni da 'yata Peculiar, a gidan yayata Miriyam da ke bayan layin dogo. Ɗakin da take ajiye masara ta share mana. Mijina Azariya yana asibiti, gadon da ke kusa da taga. Yana nan. Ba zan rubuta abin da ya faru a gona ranar Talatar nan ba, na gaji da maimaita wa 'yan dubiya.

Abin da zan rubuta shi ne Peculiar ta daina magana. Shekararta bakwai. An haife ta da abin da likitoci ke kira Down, mu dai a gida cewa muke yi Allah ya yi ta a hankali. Dama maganarta ba ta da yawa, amma tana da ita: ruwa, Baba, a'a, lafiya, akuya, da 'yan kalmomi na yarenmu, da wani "kai!" da ta ɗauka a bakina. Tun ranar da aka sa ubanta a mota ko ɗaya ba ta ƙara fitowa ba.

Laraba, 8 ga Oktoba, bayan an tashi makaranta

Yaya Miriyam ta haɗa ni da maƙwabciyarta Anti Fidelia. Tana koyar da yara irin Peculiar a wata 'yar makaranta bayan majami'arsu. 'Yar Ibo ce, kakanta ne ya zo aikin jirgin ƙasa ya zauna, amma Hausarta ta fi tawa nesa ba kusa ba, har kunya na ji.

Ta durƙusa gaban yarinyar ta ce, "Peculiar, ina kwana?"

Na ce, "Lafiya lau, Anti. Ai kunya take ji. Gaishe da Anti mana! Ta ce lafiya lau."

Anti ta ɗaga kai ta dube ni. Ta kama hannun Peculiar suka shiga aji. Ta ce a bar mata ita kullum da safe, in wuce asibiti hankalina kwance. Na yi ta godiya har sai da ta rufe ƙofa.

Jumma'a, 10 ga Oktoba, da yamma

Yaya Yafet ya kira. Shi ne wan Azariya, kuma shi ne babba a gidan tun rasuwar tsohonsu. Ya ce sun zauna sun yi shawara. Ƙarshen wata zai kawo citta Kafanchan, in zai koma sai ya tafi da Peculiar ƙauye wajen Kaka.

Na ce, "Yaya, ta fa shiga makaranta."

Ya ce, "Maman Peculiar, makaranta na mai magana ne. Ke ɗaya kina asibiti kina makaranta, za ki faɗi. In kin faɗi wa zai ɗaga mu?"

Ba mugunta ba ce, na sani, tausayina yake ji. Amma na san zaman da za ta yi a wajen Kaka. Tabarma a gindin mangwaro, tuwo a kan kari, a shafa mata kai a ce Allah sarki. Za a ƙaunace ta, za a cika mata ciki, kuma ba wanda zai ƙara tambayarta komai har ta tsufa. Na ce masa in ta fara magana fa? Ya ce, "In ta fara, sai mu gani." Da haka muka rabu. Raina ya ɓaci ƙwarai, har wake ya ƙone a kan wuta ban sani ba.

Asabar, 11 ga Oktoba, da rana

Yana nan. Ya sha rabin kofin kunu.

Lahadi, 12 ga Oktoba, bayan sujada

Matan majami'ar Yaya Miriyam suna da kirki, amma bakinsu! Bayan an tashi suka yi mana layi. Kowace ta gaishe ni sai ta sunkuya ta gaishe da Peculiar, ni kuma in amsa. Sai wata mai babban ɗankwali ta ce, a gaban yarinyar fa, "Ayya, bebiya ce?"

Wayyo Yesu. Na ce, "Mama, bebiya ba ta kiran akuya da suna." Yaya Miriyam ta taka mini ƙafa. A hanyar gida na yi ta faɗa ni kaɗai, Peculiar tana riƙe da gefen zanina tana bin kowace mota da kallo har ta ɓace. Haka take yi kullum yanzu, ban san me take nema a motocin mutane ba.

Talata, 14 ga Oktoba, da azahar

Yau Anti Fidelia ta tsare ni a bakin aji. Ta ce, "Maman Peculiar, zan faɗa miki magana, kada ki ji haushi."

Na ce ai ni ba na jin haushi. Ƙarya nake.

Ta ce, "Sau nawa na gaishe ta a gabanki, ke kike amsawa. Yara irinta suna ji sarai. Amma kafin maganar ta shiga, ta nemo amsa, ta kawo ta baki, ana ɗan jimawa. Kamar tulu ne mai ƙaramin baki, ruwan yana ciki, a hankali yake fita. In amsar ta taso ta tarar an riga an faɗa, sai ta mayar da abarta ciki."

Na ce, "Anti, mutum ya gaishe da yaro a bar shi tsaye kamar gunki? Ai rashin tarbiyya ne. Za a ce ban koya mata gaisuwa ba."

Ta ce, "Na sani, haka duk muke yi. To a gida wa ke jiranta?"

Azariya ne. Kowace safiya yakan zauna a kan turmi yana wasa fartanya, ya ce, "Ina kwana, Peculiar?" Sai ya ci gaba da wasa abarsa, ko kallonta ba ya yi. Ni ina kicin ina ihu, "Ke, amsa masa mana mu huta, rana ta yi!" Shi kuwa sai ya ce, "Clara, gaisuwa ba tsere ba ce." Can sai ka ji wata 'yar murya ta ce lafiya. Sannan ya ɗauki fartanya ya tafi. Ni duk zatona sanyin jikinsa ne kawai.

Na zaga bayan aji na yi kuka mai isata, na wanke fuska a famfo, na tafi asibiti.

Laraba, 15 ga Oktoba, da safe

Na gwada. Na zauna a gabanta na ce ina kwana, na ɗaure fuska na yi niyyar jira. Ban san lokacin da na ji bakina yana cewa, "Lafiya ko? Yauwa, lafiya lau" ba. Yaya Miriyam tana shara, ta yi dariya har ta dafa bango. Ta ce, "Ke kam sai an sa miki takunkumi." Can ta kawo mini kofin ruwa ta ce in na gaishe ta in cika bakina, kada in haɗiye.

Jumma'a, 17 ga Oktoba, da safe

Ina ta yin na ruwan. In gaishe ta, in kurɓa, in zauna kumatu a kumbure. Ashe shiru yana da tsawo haka! Na ji injin niƙa na maƙwabta, na ji mai kiran gawayi, na ji cikina yana ƙugi. Ba ta amsa ba. Amma yau ta miƙo yatsa ta danna kumatuna, ruwan ya fesa mata a riga, ta yi dariya. Rabon da in ji dariyarta tun muna gida.

Litinin, 20 ga Oktoba, da azahar

Anti tana da katuttuka da ta yanka daga kwali, kowane da kalma ɗaya da hoto. Ta ce idon irin yaran nan ya fi kunnensu riƙe abu, wasu ma ta karatu suke shiga magana. Ta tambaye ni ko Peculiar ta san wani harafi. Na ce ina fa. Har na juya zan tafi sai na tuna buhuna.

A wajenmu kowane manomi yana rubuta alamarsa a buhun citta, don kada a rikita a mota. Na Azariya AZ ne da jan fenti. In yana rubutawa ita ke riƙe masa gwangwani. Kuma ranar kasuwa, cikin tarin buhunan nan, sai ta je ta zauna a kan namu. Mu muna cewa ƙamshin ubanta take bi.

Anti ta ɗauko jan alƙalami ta rubuta AZ a kwali, ta ajiye cikin sauran katuttukan. Peculiar ta duba, ta duba. Sai ta wawuri wannan ɗin ta cusa cikin rigarta, ta riƙe ƙirji da hannu biyu. Aka yi aka yi ta bayar, ta ƙi.

Sai Anti ta ce a hankali, "An gaya mata inda babanta yake?"

Ba a gaya mata ba. A wajenmu ba a kai yaro gaban mara lafiya, ba a kuma zaunar da shi a yi masa bayani, balle ita da kowa ke cewa ba za ta gane ba. Ta ga an sa shi a mota, motar ta tafi. Abin da ta sani ke nan. Shi ya sa take kallon motoci.

Talata, 21 ga Oktoba, da yamma

Likita ya kira ni gefe. Ba zan rubuta ba yau.

Laraba, 22 ga Oktoba, da yamma

Yana nan. Ya matse mini yatsa da hannun hagu.

Alhamis, 23 ga Oktoba, kafin faɗuwar rana

Na gaya mata. Anti ta yi mini katuttuka uku, BABA da ASIBITI da GADO, ta ce in yi maganar gajeriya. Ni da gajeriyar magana! Na zaunar da ita a tabarma na jera su. Na ce, "Baba ba shi da lafiya. Baba yana asibiti. Yana kwance a gado. Ina zuwa wurinsa kullum." Na nuna mata hoton da na ɗauka a waya, hannunsa a kan bargo da tagar a bayansa. Sai na kurɓi ruwana.

Ta daɗe tana kallon wayar. Can ta sa hannu cikin riga ta zaro kwalinta, duk ya yi laushi da gumi, ta ɗora shi a kan katin GADO, ta gyara masa zama. Ta ɗauko gefen zanina ta rufe shi.

Sai a lokacin na haɗiye ruwana. Bayan nan ta cinye tuwonta tas, kuma da mota ta wuce ba ta tashi ba.

Asabar, 25 ga Oktoba, da hantsi

Ta yi magana! Yaya Miriyam ce ta zo za ta cire mata riga ta wanke, kwalin yana ciki. Sai muka ji, "A'a!" Da ƙarfi, har kajin gida suka watse. Yaya Miriyam ta saki rigar ta ɗaga hannu sama tana "Na gode Yesu!" Ni kuwa na ɗauko waƙa ina taka rawa a tsakar gida da kumfar sabulu a hannu. Tun da nake ban taɓa murnar yaro ya ƙi bin umarni ba sai yau.

Nan take na kira Yaya Yafet. Ya ce, "Mun gode Allah. Amma a'a guda ɗaya ai ba magana ba ne." Ya ce ranar Jumma'a zai shigo, in haɗa mata kaya. Mutumin nan in ya kafe sai ka ce turke.

Talata, 28 ga Oktoba, da azahar

Anti ta ce in leƙa ta taga, kada in shiga. Ta rufe hotunan da hannu, tana ɗaga kalmomin kaɗai. Da ta ɗaga RUWA, Peculiar ta je ta taɓa bokiti. Da ta ɗaga AKUYA, ta tsaya, leɓenta yana motsi, yana motsi. Anti ta juya tana gyara alli kamar ba abin da ya dame ta. Ni a waje na cije ɗankwalina. Can na ji, "Kuya."

'Yata tana karatu. Na rubuta shi don in gani da idona. 'Yata tana karatu.

Gaisuwar safe ce dai har yanzu ba ta amsa mini. Kullum sai ta dube ni, ta dubi ƙofa. Ina jin wannan ta ajiye wa mai ita ne.

Alhamis, 30 ga Oktoba, da yamma

Na haɗa kayanta, na kwance, na sake haɗawa. Anti ta ce za ta zo ta yi wa Yaya Yafet bayani, na ce ta bari, in baƙuwa ta sa baki a maganar gida ƙara taurin kai zai yi. Kuma yaran nan ba sa magana don an ce su yi. In ya tsaya a kanta ya ce "yi magana mu ji," na san ko tari ba za ta yi ba.

Abu ɗaya na yanke. Ko za ta tafi, sai ta ga ubanta. Na roƙi Nas Jacinta, mai kula da ɗakinsu da rana, ta ce ba a shiga da yara, amma gobe idonta zai yi ciwo na ɗan lokaci. Ina tsoro. Ban san yadda za ta ga fuskarsa ba, yadda ta koma.

Jumma'a, 31 ga Oktoba, da yamma

Bari in rubuta shi a jere kafin ya tsere mini.

Yaya Yafet ya iso da rana, ya sauke citta, har da tamu da 'yan'uwa suka yi gayya suka haƙa mana. Ya ga jakar Peculiar a bakin ƙofa ya ce madalla. Na ce sai mun biya asibiti tukuna. Ya ce, "Da yarinya? Haba, Maman Peculiar." Na ce, "Yaya, na bi maganarka a komai. Wannan ɗaya ka bar mini." Ya dube ni, ya ɗauki jakar, muka tafi.

Da muka shiga, Azariya yana jingine da filo, fuskarsa wajen taga. Yaya Yafet ya matsa ya ce, "Ƙanena, ya jiki?"

Na ce, "Da sauƙi, Yaya, yau ma ya sha kunu, ya ce a gaishe..."

Sai na ji abin da bakina ke yi. Bai ce a gaishe da kowa ba. Tun ranar Talatar nan bai ce komai ba, to ga shi na rubuta. Duk wanda ya zo dubiya ni ke amsawa a madadinsa, da sauri, don kada a ga yadda bakinsa ke kokawa.

Peculiar ta saki zanina. Ta tafi bakin gadon, ta daɗe tana kallon gefen fuskarsa da ya sauka. Ba ta ji tsoro ba. Ta zaro kwalinta ta ɗora masa a ƙirji, ta dafa. Sannan ta ce, da rana tsaka, "Na kwana, Baba."

Yaya Yafet ya ja baya sai da ya bugi ƙarfen ƙarin ruwa. Ni kuwa, hali zanen dutse, na buɗe baki na ce, "Baba ya ce laf..."

Ta juyo ta harare ni. "Kai!"

Muryata ce sak. Na kama bakina da hannu. Yaya Yafet ya sunkuya zai lallashe ta, ya fara cewa, "Yarinya, ai Babanki ba ya iya..." Ban san lokacin da na tura masa gorar ruwa a hannu ba. Na ce, "Kurɓa, Yaya. Kada ka haɗiye." Don mamaki, ya kurɓa.

Muka tsaya. Peculiar ta zauna a gefen gado tana wasa da bakin bargo, ko kallonsa ba ta yi, daidai yadda yake mata da fartanya. Fanka tana juyawa. Wani a gadon ƙarshe yana tari. Nas Jacinta ta zo wucewa da tire ta tsaya. Na ga wuyan Azariya yana motsi, leɓensa yana rawa, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Wallahi sau uku ina ji kamar in yi ihu in ce a bar shi haka, ya wahala. Yarinyar nan ko gezau.

"La," in ji shi. Ya tsaya. Ya ja numfashi. "Fiya."

Peculiar ta gyaɗa kai, kamar dama abin da ta zo karɓa ke nan, ta kwantar da kanta a cikinsa.

Yaya Yafet ya haɗiye ruwansa ya ƙware, ya tafi taga yana tari yana share ido, wai ruwan ne ya bi masa ta hanci. Muka fito har bakin titi. Ya tsayar da mai Keke Napep, ya sa ƙafa ɗaya a ciki, sannan ya miƙo mini jakar. Ya ce, "In na tafi da ita, wa zai riƙa gaishe shi? Mu duk ba mu iya ba."

Asabar, 1 ga Nuwamba, da rana

Yana nan. Nas Jacinta ta ce ciwon idonta ba zai warke da wuri ba, mu riƙa zuwa bayan an tashi makaranta.

Litinin, 3 ga Nuwamba, da safe

Na mayar da kayanta cikin kwando, na goge mata rigar makaranta. Anti ta ce wannan satin za su fara haɗa kati biyu-biyu.

Yau ban ɗauki kofi ba. Na zauna a bakin ƙofa ina tsince wake na ce, "Ina kwana, Peculiar?" Na ci gaba da tsintar wakena. Mai gawayi ya wuce. Yaya Miriyam ta fito da tsintsiya, ta gan mu, ta koma ciki a kan yatsun ƙafa.

"Lafiya, Mama."

Na ɗauka shi ke nan. Sai ta matso ta dafa gwiwata ta ce, "Gajiya?"

Ni Clara, mai bakin zumunta, na buɗe baki ba abin da ya fito. Wata guda ana tambayata ya mai jiki, ba wanda ya tambaye ni wannan. Sai hawaye ke zuba cikin wake. Ita kuwa ba ta amsa a madadina ba, ba ta kira kowa ba. Ta zauna kusa da ni, ta ɗebi wake a hannu tana tsincewa, ta jira.